Direban tsarin fayil da suwaf: me ya kamata a kulle a RAM?

dan_fuse:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubuta wani ƙaramin tsarin fayil da FUSE (hanyar da Linux ke bari a rubuta tsarin fayil a matsayin shiri na yau da kullum), mai ɓoye bayanai kafin ya ajiye su a faifai. Cikin karance-karance na ci karo da tsohon bayanin IBM na yadda ake rubuta direban tsarin fayil a OS/2, tsohon tsarin aikin kwamfutarsu, na ga wani kira wai shi FSH_FORCENOSWAP. Aikinsa direba ya nuna wa kenel, wato zuciyar tsarin aikin, wani sashen ƙwaƙwalwa ya ce wannan kada a taɓa fitar da shi zuwa suwaf, wato wurin da ake ajiye rarar RAM a faifai in ta cika. Tambayata: damuwar mutanen da ce kawai, lokacin da RAM ba ta wuce 'yan megabait ba, ko har yau tana nan? In tana nan, in zuba mlockall, kiran da ke kulle duk ƙwaƙwalwar shiri a RAM, a farkon shirina in huta? Kwamfutar gwajina 4GB gare ta, da na buɗe burauza na fara kwafe manyan fayiloli sai komai ya yi sanyi.

sudo_sani:
Wa alaikumus salam. Kashe suwaf ɗin kawai, swapoff -a, magana ta ƙare.

Hajiya_Root:
Ba ta ƙare ba Sani. Suwaf na shafukan ƙwaƙwalwa (ƙananan yankunan da kenel ke raba RAM) da ba su da fayil a bayansu ne, irin abin da ka karɓa da malloc, kiran neman ƙwaƙwalwa. Shi kuwa lambar shirin kanta daga fayil aka ɗauko ta, don haka in RAM ta cika kenel zubar da shafukan yake yi, in an buƙata ya sake karantowa daga faifai. Ko babu suwaf sam wannan zai faru. Ma ya fi muni, domin ka toshe masa hanya ɗaya, dole ya matsa wa ɗayar. Shi ya sa za ka ga kwamfutar da ba ta da suwaf ta daskare fitilar faifai na ci, ba ta mutu ba kuma ba ta motsi.

Tsohon_Injiniya:
Yaro ka tono mana tsohon zance. Bari in ba ka asalinsa, don in ka gane shi sauran duk za su zo da sauƙi.

OS/2 1.2 ce ta zo da tsarin direbobin fayil da ake ɗorawa daga waje, a 1989, tare da sabon tsarin fayil ɗinta HPFS. Kana saka layin IFS= a CONFIG.SYS, kenel ya loda direban. A wancan lokacin injin Intel 286 ake nufi, kuma 286 bai san shafi ba, sashe ya sani, kowanne bai wuce 64KB ba. In wuri ya ƙure sai a ɗauki sashe sukutum a rubuta shi cikin SWAPPER.DAT, a sa alama a teburin injin cewa ba ya nan. Ranar da aka taɓa shi injin ya ɗaga ƙararrawa, kenel ya je ya dawo da shi.

To ga inda gizo ke saƙar. SWAPPER.DAT fayil ne kamar kowane fayil, yana zaune a kan faifan da layin SWAPPATH ya nuna. Wa zai karanto shi? Direban tsarin fayil ɗin wannan faifan. In kuwa sashen da ke ɗauke da lambar karatun shi ma an fitar da shi cikin SWAPPER.DAT, guga ya faɗa rijiya kenan, ƙugiyar ciro shi ita ma tana ciki. Shi ya sa kenel ke kiran FS_SETSWAP tun ana tashi, yana shaida wa direba cewa fayil ɗin suwaf a wurinka yake. A nan direba zai bi duk sashen da karatu da rubutun wannan fayil za su iya taɓawa, lamba da bayanai, ya kulle su da FSH_FORCENOSWAP. Sai ya dawo lafiya sannan ake fara suwaf. Kuma kullewar ta dindindin ce, ba ta "zan saki an jima" ba.

Ka lura ba cewa aka yi a kulle direba gaba ɗaya ba. Abin da ke kan hanyar suwaf kaɗai. Lambar sauya sunan fayil ko ta ƙirƙirar folda, a fitar da ita mana, wa ya damu.

Gwani64:
Allah Ya ƙara lafiya Baba. Ƙari kaɗan: daga OS/2 2.0 ta 1992 an koma shafukan 4KB na 386, aka ƙaro kiraye-kiraye na musamman irin FS_OPENPAGEFILE da FS_DOPAGEIO. Amma ƙofar da kenel ke magana da direban ta ci gaba da zama mai bit 16, don haka maganar sashe da selekta ba ta mutu ba. Masu ArcaOS, magajiyar OS/2, har yau da wannan gadon suke aiki.

sudo_sani:
Wai akwai mai amfani da OS/2 a duniyar nan har yanzu? 😂

Tsohon_Injiniya:
Injinan cire kuɗi da yawa a duniya a kanta suka yi shekaru suna aiki kafin a mayar da su Windows. Kai dai ba ka riski zamanin ba ne, ɗana.

abu_kenel:
Mu dawo kan tambayar bawan Allah. A Linux amsar ta rabu biyu, kuma mutane na cakuɗa su.

In direbanka cikin kenel yake, kamar ext4 ko XFS, ba ka da abin kullewa. Linux ba ya fitar da lambar kenel ko abin da aka karɓa da kmalloc zuwa suwaf, ko kaɗan. Amma matsalar ba ta tafi ba, kama ta sauya. Kana tsakiyar rubutu, riƙe da makullin wani fayil, ka nemi ƙwaƙwalwa. Babu. Kenel ya ce bari in samo maka, ya shiga share shafuka, ya tarar da wasu sai an rubuta su a faifai, ya kira tsarin fayil ɗinka, shi kuma yana jiran makullin da ke hannunka. Kai kana jiran ƙwaƙwalwa, mai nemo ƙwaƙwalwa yana jiranka. Dalilin GFP_NOFS da GFP_NOIO kenan: ka ba ni wuri amma kada ka biyo ta tsarin fayil wajen nema. Yanzu an fi son a kewaye yankin duka da memalloc_nofs_save da memalloc_nofs_restore maimakon bin kowane kira ɗaya bayan ɗaya.

In kuwa FUSE ne, kamar naka, kai shiri ne na yau da kullum a idon kenel. Za a iya fitar da shafukanka kamar yadda za a fitar da na burauza. To a nan tambayar OS/2 ta dawo da ranta.

dan_fuse:
Madalla. Kenan mlockall ɗin dai, Oga abu_kenel?

abu_kenel:
Tsaya tukuna. Ina suwaf ɗinka yake zaune?

dan_fuse:
Fayil ne a kan ext4, na Ubuntu da ya zo da shi. Ba ya kan tsarin fayil ɗina.

abu_kenel:
To ba ka cikin ramin da Baba ya kwatanta. In an fitar da shafinka, kenel zai dawo da shi ba tare da ya bi ta kanka ba. Jinkiri za ka sha, ba sarƙewa ba. Hasali ma Linux ya kauce wa ramin ta wata dabara: lokacin swapon yake tambayar tsarin fayil inda tubalan fayil ɗin suke a faifai, ya rubuta taswirar ya ajiye, daga nan kai tsaye yake magana da faifan. Shi ya sa ba ya karɓar fayil mai ramuka a ciki. Shi ya sa kuma Btrfs, da ke sauya wa bayanai wuri duk rubutu, sai a Linux 5.0 ya fara karɓar fayil ɗin suwaf, shi ma da sharaɗin a kashe masa wannan sauyin wurin.

Zee_codes:
Ni ban yarda a ce jinkiri ne kawai a wuce ba. A wani wurin da na yi aiki muna da shirin ajiya irin wannan a kan saba. Ranar da RAM ta ƙure aka fitar da rabin shirin, duk wanda ya taɓa foldar sai ya maƙale, ko ls ka buga shiru. Shirye-shirye suka taru a yanayin D, jiran da ba a katsewa, ko kill -9 ba ya musu komai. A takarda ba sarƙewa ba ce, kowa zai samu amsa wata rana. Amma mai jiran fayil ɗinsa bai san wannan bambancin ba, shi dai ya ga abu ya mutu. Da aka kulle shirin a RAM, sabar na shan wahala amma foldar na amsawa.

Gwani64:
Gaskiyar Zee. Kuma ba sabon abu ba ne, multipathd yana kulle kansa da mlockall, earlyoom ma haka, don wanda aikinsa ceto ne lokacin ƙunci bai kamata a same shi a faifai ba. LVM kuma yana kulle ƙwaƙwalwarsa a daidai lokacin da ya dakatar da faifai don sauya masa tsari, saboda in ya nemi shafi daga faifan da shi da kansa ya dakatar, wa zai sake shi?

Hajiya_Root:
Kafin ƙanena ya je ya liƙa mlockall(MCL_CURRENT | MCL_FUTURE) ya dawo yana kuka, ga abin da zai tarar.

Akwai iyaka, RLIMIT_MEMLOCK. Shekara da shekaru 64KB ce, sai a Linux 5.16 aka ɗaga ta zuwa 8MB. Buga ulimit -l ka ga taka. In ka wuce ta kiran zai faɗi, sai dai in kana da CAP_IPC_LOCK ko ka saka LimitMEMLOCK=infinity a fayil ɗin systemd na shirin. Wanda ya fi cizo shi ne MCL_FUTURE: kiran farko ya yi nasara, can gaba malloc ko buɗe sabon zare (thread) ya faɗi don an kai iyaka, kai kuma kana neman laifin a wani wuri.

Sannan zare. Kowane zare yana zuwa da sitak ɗinsa, wato wurin aikinsa a ƙwaƙwalwa, galibi 8MB, wanda a al'ada ɗan kaɗan ake taɓawa. Da MCL_FUTURE duk 8MB ɗin za a cika a kulle. Zare goma, 80MB sun tafi a banza, a kwamfuta mai 4GB. Ko dai ka rage girman sitak da pthread_attr_setstacksize, ko ka ƙara MCL_ONFAULT, wanda ya shigo a 4.4, yana kulle shafi ne sai an taɓa shi.

Kuma in shirinka yana fork, wato yana haifar kwafin kansa, don ya koma bayan fage, kamar yadda libfuse ke yi in ba ka ba shi -f ba, ɗan ba ya gadon kullewar uban. Kira mlockall bayan fork, misali cikin init. Duba VmLck a /proc/lambar shirin/status ka tabbatar.

dan_fuse:
Wallahi a saman main na yi niyyar saka shi. Allah Ya saka da alheri Hajiya.

Bature_WDK:
Ku 'yan Linux kuna cikin daɗi. A Windows kenel ɗin kansa ana fitar da wani ɓangarensa zuwa pagefile.sys, fayil ɗin suwaf ɗinta, don haka abin da Baba ya faɗa mu abincinmu ne na kullum. Rumbu biyu ne, wanda ake iya fitarwa da wanda ba a fitarwa, kuma duk ƙwaƙwalwar da za ka karɓa sai ka zaɓa. Lamba ma haka, kana sa aiki a sashen PAGE da alloc_text, ka ɗora PAGED_CODE() a samansa. Dokar ita ce daga matakin DISPATCH_LEVEL zuwa sama ba a taɓa abin da za a iya fitarwa, don a wannan matakin kenel ba zai iya tsayawa jiran faifai ba. Ka taɓa, shuɗin allo, 0xD1 ko 0xA.

Mugun abin shi ne ba ya nunawa a injin mai rubutawa. RAM ta wadata, shafin yana nan, komai lafiya. Na taɓa bin sawun wani direban tace fayiloli na wani kamfani da ke kayar da kwamfutocin wani ofis, ƙananan kawai, manyan ko gezau. Aikin da ake kira bayan an gama karatu ne aka bari a sashen PAGE, shi kuwa ana iya kiransa a DISPATCH_LEVEL. Driver Verifier, kayan gwajin direba na Windows, ne ya tona shi, yana da zaɓin da ke kwashe duk shafukan da ake iya fitarwa da zarar direba ya ɗaga mataki, sai laifin ya fito nan take.

Mai son ganin yadda ake yi ya buɗe fastfat, samfurin da Microsoft ta saki a GitHub. In fayil ɗin da ake buɗewa na suwaf ne, bayanansa daga rumbun da ba a fitarwa ake ɗauko su. Tunanin FS_SETSWAP ne sak, riga kawai aka sauya.

sudo_sani:
Ni duk wannan dogon turancin, a sayi RAM mana. 8GB ta hannu nawa take?

Ummi_dev:
Kai Sani 😂 Shi zai bi duk wanda ya sauke shirinsa ya saya masa? Kuma ko 64GB ce, a cikin kwantena mai iyakar cgroup, wato rabon RAM da aka yanke mata, ƙuncin iri ɗaya ne.

Ni wani abu nake ganin kun tsallake. Ya ce shirin ɓoye bayanai ne. To ko da babu maganar sarƙewa, mabuɗin sirrin fa? In aka fitar da shafin da mabuɗin ke ciki, ya sauka a fayil ɗin suwaf a fili, kuma yana iya zama a can bayan an kashe kwamfutar. Wanda ya ɗauke faifan ya samu. GnuPG saboda haka yake kulle ɗan yankin da yake ajiye mabuɗai, in ya kasa ya yi maka gargaɗi. Wannan ba ya buƙatar mlockall, shafi ɗaya ko biyu ne da mlock, ko 64KB ta ishe ka. In kana da libsodium, sodium_malloc zai yi maka, har da hana yankin shiga fayil ɗin da ake zubarwa in shiri ya faɗi.

Amma ka gaya wa masu amfani gaskiya: barcin da ake kwashe RAM duka zuwa faifai bai san kulle ba, komai yake rubutawa. Mu kuma da wuta ke ɗaukewa batir ya ƙare, laftof na shiga wannan barcin da kanta. Maganin wannan suwaf ɗin kansa a ɓoye shi da LUKS, tsarin ɓoye faifai na Linux.

Zee_codes:
Ko zram. Fedora tun fitowa ta 33 a 2020 suwaf ɗinta a RAM yake, matsewa kawai ake yi, babu abin da ke sauka faifai. A inji mai 4GB bambancin a bayyane yake.

Gwani64:
zram na rage zafi amma shafukan lamba da Hajiya ta ambata tun farko ba ruwansu da shi, za a zubar da su dai.

abu_kenel:
Akwai abin da nake so in ƙara kan maganata ta ɗazu, don kada a ɗauka mlockall ya gama komai. Kullewa na kare abin da ke hannunka ne. Ba ta ba ka tabbacin samun sabo. Shirin FUSE da ke tsakiyar rubutu ya kira malloc, kenel ya shiga nemo wuri, matsalar GFP_NOFS ta biyo ka har waje, kai kuma ba ka da tutar da za ka ɗaga. Don wannan aka kawo PR_SET_IO_FLUSHER a Linux 5.6. Kana kiransa da prctl, kana cewa ni ina kan hanyar rubutu, in za a nemo mini wuri kada a tayar da wani rubutun. Yana buƙatar CAP_SYS_RESOURCE. Bayaninsa ma ya ambaci shirye-shiryen FUSE da sunansu.

Wanda ya fi duka a wurina: karɓi bafofinka, wuraren riƙe bayanai na ɗan lokaci, tun farko, ka yi ta juya su. Hanyar rubutun da ba ta neman sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta da wannan ciwon.

Tsohon_Injiniya:
Abin da muke yi kenan a da, ba don wayo ba, don babu. Ɗana dan_fuse, gwaji ɗaya zan ba ka. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da buƙatar rubutu guda ɗaya ke taɓawa daga shigarta zuwa fitarta. Kana rubuta rahoto a fayil? A ina fayil ɗin yake? Kana loda wani laburare sai an buƙace shi? Kana tambayar sunan saba? Kowannensu ƙofa ce.

Malam_ZFS:
Na makara amma ga tawa. Masu cewa Linux ya rabu da ramin OS/2, gwada ɗora suwaf a kan zvol, faifan kwaikwayo na tsarin fayil ɗin ZFS. Takardun OpenZFS da kansu suna gargaɗin cewa injin na iya daskarewa in ƙwaƙwalwa ta ƙure, domin ZFS na buƙatar ƙwaƙwalwa kafin ya rubuta, rubutun kuma don a samu ƙwaƙwalwa ake yinsa. Suwaf ta kan NFS, tsarin fayil na kan hanyar sadarwa, ma sai da aka yi wa sashen sadarwa aiki na musamman a 3.6, aka ware masa ajiyar gaggawa. Ramin yana nan, an dai kewaye shi ne a hanyar da aka fi bi.

abu_kenel:
Ban ce ya rabu da shi ba Malam, cewa na yi shi dan_fuse ba ya ciki. Ranar da wani ya ɗora loop, mai mayar da fayil kamar faifai, a kan fayil ɗin da ke cikin foldarsa ya kunna suwaf a kai, ya shiga.

Bature_WDK:
Kuma za a samu wanda zai yi.

Hajiya_Root:
Ni dai har yanzu ban gamsu ya kulle duka ba. Shirin mutum ɗaya a laftof ɗinsa, ba saba ba. Duk megabait ɗin da ya kulle daga bakin burauzar mai kwamfutar ya ƙwace. In kowane mai shiri ya ce nasa ne mai muhimmanci, me ya rage wa kenel ya juya? Mabuɗi dole. Sauran a sa shi zaɓi, mai saba ya kunna.

Zee_codes:
In foldar gidansa gaba ɗaya a kan shirin take fa, Hajiya? Burauzar da kike tausayi ita ma ta nan take karanta fayilolinta. A fitar da shi, ita ce farkon mai tsayawa.

dan_fuse:
Ba ta gida gaba ɗaya ba ce, folda ɗaya ce ta takardu. Na kulle shafin mabuɗin, VmLck na nuna 4 kB. Na mayar da bafofin na dindindin. mlockall zan sa shi a bayan wani zaɓi kamar yadda Hajiya ta ce. Yanzu yaya zan matse injin da gangan in ga abin da zai faru, ba tare da na jira burauza ta ga dama ba?

Gwani64:
stress-ng --vm 2 --vm-bytes 90% a taga ɗaya, kwafin babban fayil a ta biyu, vmstat 1 a ta uku kana kallon si da so, shiga da fitar suwaf. Ka gwada da zaɓin a kunne da kuma a kashe. Yi shi cikin injin kwaikwayo, kuma ka kunna SysRq tukuna, don in ya daskare Alt+SysRq+W zai zubo maka sunayen waɗanda suka maƙale da inda suka tsaya.

Ummi_dev:
Ka liƙo mana abin da W ɗin ya fitar, ina so in ga ko a malloc zai tsaya ko a wajen rubuta rahoto.